Ranar da Iliya Ya Wuce Ta Kanmu

Ranar Asabar ce, ranar wanki. Ana saukowa daga sallar asuba a masallacin layinmu na fita tarar ruwa, don a unguwarmu ta Malam Inna, a Gombe, in rana ta fito famfo ya ɗauke ke nan. Sunana Saratu, malamar firamare ce ni, kuma ni ce babba a gidanmu. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Mu uku ne a gidan a lokacin: ni, da Mama, da Rifkatu matar ƙanena Iliya, tana ɗauke da tsohon ciki.

Iliya ne autanmu. Matuƙin jirgin yaƙi ne. Da rikicin ya yi tsanani aka tura su gabas, sai ya kawo mana matarsa, ya ce ta zauna kusa da Mama har ta sauka. Ba ya gaya mana inda yake. Duk Lahadi in an tashi daga coci yakan bugo waya, ya tambayi gwiwar Mama, ya tsokane ni wai har yanzu ina cin zalin 'ya'yan mutane a aji. Yaron da ko mangwaro ba ya iya hawa yana ƙarami. Ni nake hawa in jefo masa, shi yana ƙasa ya tara riga, yana ta cewa, "Yaya, sauko haka nan, za ki faɗo." Har yau ban san inda ya kai wannan tsoron ba.

Da hantsi Mama tana bakin ƙofar ɗaki tana ɓare gyaɗa. Rifkatu tana dama kunu. Ni ina shanya. Sai muka ji ƙara daga gabas, dum, kamar an saki buhun siminti daga kan mota. Mama ta ce ko taya ce ta fashe. Ba ta rufe baki ba aka sake. Sai harbi ya biyo baya, babu ƙaƙƙautawa. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya.

Na leƙa waje. Layi ya cika. Mata da goyo, yara ba takalma. Wani ɗan acaba ya wuce a guje yana ihu.

"Sun shigo! Sun shigo!"

Babu wanda ya tambaye shi su wa. Mun daɗe muna jin labarinsu a bakin waɗanda suka gudo mana daga Borno da Yobe. Muna ba su tabarma da tuwo, muna jajanta musu. Ba mu taɓa kawo wa ranmu za mu yi irin gudunsu ba.

Na ce wa Mama ta tashi. Ta dubi ƙafarta, ta dube ni.

"Ku tafi da yarinyar nan. Ni ina zan kai wannan ƙafar?"

Muna cikin haka Malam Buba ya banko ƙofa ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Maƙwabcinmu ne, Bafulatani mai shagon hatsi a bakin layi. Ya riga ya tura iyalinsa gaba. Yana ture da baron da yake ɗaukar buhuna da shi. Bai tsaya jin ta bakin Mama ba.

Ya ce da Mama, "Dada, tashi." Ya juyo wurina. "Adda, kama min ita."

Na shimfiɗa zane a cikin baron, muka ɗora ta. Na riƙe hannun Rifkatu. Ban kulle ƙofa ba. Ko wayata ban ɗauka ba.

Mun nufi babban titi. Motocin sojoji suna ta wucewa suna yin gabas, mu muna yin yamma. Wani soja ya tsaya tsakiyar hanya, idonsa jawur.

"Ku sauka daga titi! Ku shiga kwari!"

Muka gangara kwarin da ruwa ya zaizaye a bayan unguwa. Rani ne, babu ruwa, sai yashi da tarkacen leda. Tayar baron ta nutse a yashi ta ƙi gaba. Malam Buba ya watsar da shi, ya durƙusa, ya goyi Mama. Mama tana cewa ya sauke ta, zai ji ciwo. Ya ci gaba da tafiya.

Mutane sun cika kwarin. Wata tana riƙe da tukunya da abinci a ciki, ban ga alamar ta san tana riƙe da ita ba. Wani tsoho yana ta kiran sunan jikarsa. Harbin ya matso. Yanzu muna jin iri biyu: wani mai kaifi, ta-ta-ta, wani mai nauyi da ke girgiza ƙirji. Hayaƙi baƙi ya tashi a bayanmu.

Wani mutum da ke gabanmu sanye da farar riga ya yi tuntuɓe ya kife. Na ɗauka yashi ne ya kayar da shi. Da muka zo daidai da shi na ga bayan rigar ya yi ja. Mutum biyu suka ja shi gefe, suka duba shi, suka cire masa hula suka rufe masa fuska da ita. Muka wuce. Ban san sunansa ba.

Rifkatu ta fara dafe mara. Takan yi ɗan taku ta tsaya ta cije leɓe. Na ce mata, "Daure, Rifkatu, kar ki yi mana nan." Ta gyaɗa kai. Gumi ya jiƙe mata riga sharkaf.

Rana ta kusa kaiwa tsaka sai muka ji wata ƙara da ta danne duk sauran. Ta taso daga nesa tana ƙaruwa, har na ji kamar sama ce za ta tsage. Wani ya yi ihu, "Ku kwanta!" Muka zube. Yashi ya shiga bakina. Jirgin ya wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, inuwarsa ta gifta kwarin. Ya yi gabas. Jim kaɗan ƙasa ta motsa a ƙarƙashin cikina.

"Namu ne! Namu ne!"

Kwarin ya ɗauka. Masu kabbara suna yi, masu kiran Yesu suna yi. Na ɗaga kai na ga Rifkatu a tsaye. Ita kaɗai ce ba ta kwanta ba. Ta dafe ciki da hannu biyu, tana bin sama da ido.

Mama tana zaune a yashi inda Malam Buba ya sauke ta. Ta ce, "Iliya ne."

Na ce, "Mama, jirage suna da yawa. Matuƙa ma haka."

Ta ci gaba da kallon sama.

Jirgin ya sake zagayowa, ya koma. Muka ji wata fashewar, da wata. Daga nan harbin ya fara raguwa, yana nisa. Muka tashi muka ci gaba.

Ana kiran azahar muka fito daga kwarin. Wani mai Keke Napep ya tausaya wa cikin Rifkatu ya kwashe mu zuwa unguwar Pantami, gidan Inna Talatu ƙanwar Mama. Malam Buba ya sauke Mama a kan tabarma, ya sha ruwa a tsaye, ya juya neman iyalinsa. Sai a lokacin na lura ƙafarsa ɗaya babu takalmi, tana jini.

Aka sa dokar hana fita. Rediyo ya ce an kore su, sun koma daji. Rifkatu ta yi ta kiran wayar Iliya, a kashe. Muka ce ai haka take in yana bakin aiki. Lahadi ta zo, ba a je coci ba. Ta ajiye wayar a cinya tun safe. Ba ta yi ƙara ba.

Da aka sassauta dokar muka koma gida. Ƙofa tana buɗe yadda na bar ta. Ba a taɓa ko tsinke ba. Muka share, muka ɗora tukunya. Mama ta ce in Iliya ya bugo za ta yi masa faɗa.

Washegari da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum biyu cikin kakin sojan sama suka shigo, fastonmu yana biye da su. Mama ta dubi fasto, ba ta dubi masu kakin ba. Ta ajiye ƙwaryar hannunta a hankali.

Babban ya cire hula. Ya ce bayan an kore su daga Gombe, Iliya ya sake tashi da yamma ya bi motocinsu cikin daji. A can aka harbi jirgin. Sai washegari aka kai wurin. Ya faɗi wasu maganganu na yabo, ban riƙe ko ɗaya ba. Rifkatu ta sulale daga kan kujera, na tare ta.

Mama ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta juya wurin ƙaramin, wanda tun shigowarsa kansa ke ƙasa.

"Ɗana, kai abokinsa ne?"

"E, Mama."

"Shi ne ya wuce ta kanmu?"

"Shi ne, Mama." Ya share fuska da bayan hannu. "Da aka ce Gombe, bai bari an ƙarasa maganar ba."

A maƙabartar sojoji aka binne shi, a Abuja. Mama ba ta iya doguwar tafiya, Rifkatu kuma likita ya hana. Ni na je da kawunmu. Ba a buɗe akwatin ba. An lulluɓe shi da tuta, an busa ƙaho, an yi harbi sama. Da harbin ya tashi sai na tsinci kaina a durƙushe na rufe kai. Kawu ya ɗago ni.

A gida kuwa Malam Buba ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofarmu har aka tashi zaman makoki. Shi yake karɓar gaisuwar maza.

Rifkatu ta sauka kafin damina, ta samu mace. Yanzu yarinyar tana makarantar da nake koyarwa. Ba ta san muryar babanta ba. Mama ta rayu har ta ga yarinyar ta fara tafiya, sannan ta bi Iliya.

A layinmu ba a ƙona gida ko ɗaya ba. Iyalin Malam Buba sun dawo lafiya. Tsohon nan na kwari ma na ji ya ga jikarsa. Mu uku muka fita daga gidanmu, mu uku muka dawo. Wanda muka rasa ba ya cikin masu gudu.