Malam Haruna da Saƙon Masu Littattafai

Duk wanda ya san mijina marigayi Malam Haruna, mai ɗinkin littattafai a unguwar Harra ta Gabas a Madina, ya san ba ya ƙailula da matashi. Da an sauko daga azahar sai ya zaɓi ɗaya cikin littattafan da aka kawo gyara ya tada kai da shi. Alƙur'ani da hadisi ba ya kusantarsu, na tarihi da na waƙoƙi ne ke shan zufarsa. In ya farka sai ya ce, "An aiko." Wai mai littafin, wato marubucinsa da ya daɗe a kabari, ya zo masa da saƙo.

Ni ban yi karatu ba. Surukata Maryam ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye. Mijinta, ɗana Salihu, yana so in koma wurinsu a unguwar Al-Khalidiyya, a rabar da littattafan da Malam ya bari, kuma amsata yake jira.

Akwai wani ɗalibi Bakano da ba ya buɗe baki sai da "malamina ya ce". Ya zo karɓar littafinsa, Malam ya dube shi ya ce, "Mai littafinka na gaishe ka. Ya ce ya rubuta ne don ka yi tunani, ba don ka bar kanka a gida ba."

"Anya Malam, wannan ba bidi'a ba ce?"

"Wa ya gaya maka?"

"Malamina ya ce..."

"To ka ji. Gobe ka turo malamin ya karɓa, tunda shi ke karantawa."

Da likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon sukari, ranar da wuri ya kwanta. Ya tashi yana murmushi, wai wani mawaƙi ya ce mai hankali ba ya miƙa wa kowa linzaminsa. Ya nufi kwanon dabinon ajwa, ya tarar wayam.

"Uwar Salihu, ina dabinon?"

"Ni ma na yi tunani da kaina, na kai wa maƙwabta."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Saƙon nawa ne, ba na gidan duka ba."

Na sha tsokanarsa cewa matattun nan kullum bayansa suke goyawa. Sai ga shi 'yarmu Aisha ta ce za ta karanci aikin jinya, shi kuwa ya kafe, wai malamar makaranta za ta zama. Yarinya ta daina cin abinci. Ran nan ya tashi daga ƙailula fuska a murtuke, ya ƙi ko shan shayi.

"Ba a aiko ba ne, Malam?"

"An aiko. Tsohon nan ba shi da ladabi. Wai shekara da shekaru ina cewa kowa ya yi aiki da kansa, ita Aisha ba ta da kai ne?"

Washegari da ƙafarsa ya raka ta makarantar jinya. Littafin da ya tada kai da shi ranar kuwa, da ya gama ɗinke shi sai ya juya shi yana kallon bango.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba sa zuwa mini. Ya ce, "Me za su gaya miki? Tun da na aure ki ba ki taɓa bin maganar kowa ba."

Jiya, da maganar Salihu ta ishe ni, na ɗauko littafin nan mai kallon bango na tada kai da shi. Har yanzu da ƙamshin turaren Malam a jikinsa, na yi kuka har barci ya ɗauke ni. Ba wanda ya zo, ba mai littafin, ba Malam. Na farka da ciwon wuya da kiran la'asar. Sai na kama dariya ni kaɗai, don da a ce ya zo, na san abin da zai ce: in yi aiki da kaina.

Saboda haka, Maryam, rubuta da kyau ki kai wa mijinki. Ina nan a gidana, littattafan ma suna nan. Ɗalibin da ke so ya zo ya karanta a zaure, sharaɗi ɗaya ne, ya taho da kansa.

Allah Ya jiƙan Malam. Ya ɗinke masa kurakuransa yadda ya ɗinke wa mutane littattafansu, Ya sa ƙasar Madina ta zame masa matashi mai taushi, tunda a duniya bai yarda da shi ba. Amin.