Aska Takwas a Rigar Mata

A bakin tabarmar mahaifinta, Malam Yahuza, Radiyya ta tashi. Ya shekara talatin a Wudil yana ɗinkin hannu, yana zuba wa babbar riga adon aska takwas. Da ta buɗe shagonta kusa da jami'a, sai ta ɗauko adon nan ta ɗora a ƙirjin doguwar rigar mata. Ɗalibai suka yi ta rububi.

Labari ya kai wa tsohon, ya taho fuska a ɗaure. Ya ɗaga rigar, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, na san na maza ne," in ji Radiyya.

"Wa ya tambaye ki? Askarki ta uku ta karkace. Miƙo min allura."