Shukar da Kawu Ya Ɓoye a Ɗakin Baya

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji ba, da ni ya faru, wallahi tallahi, Allah ne shaidata. A farkon shekarun dubu biyu ne, lokacin ina gyaran baburan ban ruwa, wato injinan da ke jawo ruwa daga kogi zuwa gonaki, ina yawo da jakar kayan aikina tsakanin ƙauyukan da ke kusa da Makwar a ƙasar Sudan, yau ina wannan gaɓa gobe ina waccan. Iyalina suna Rufa'a, to duk sanda aiki ya kai ni kudu sai in sauka gidan ƙanin mahaifiyata, Kawu Isa, a wani ƙauyen Hausawa da ba zan faɗi sunansa ba, za ku gane dalili.

Kawu Isa manomi ne, yana da hawasharsa, wato gonar ban ruwa, ta auduga da dawa, dattijo mai kunya, in ladan bai fito ba shi ke kiran salla, ko sigari bai taɓa riƙewa ba. Matarsa Inna Hawwa ita ce ta kwanta ciwo a shekarar, ciwon ya shiga ƙashi, an kai ta asibiti a birnin Madani, likitoci suka yi iya nasu, aka dawo da ita gida da ƙwayoyi. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi, sai dai ta ciji bakin mayafinta ta juya fuska, kuma barci ya ƙaurace mata gaba ɗaya. Tun bayan girbi ƙafarta ba ta sake taka ƙasa ba, kullum tana kan angarib, gadon igiyar nan namu. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure nesa, Kawu shi ne mai dafa mata kunu, shi ne mai juya ta.

Wata rana na sauka, ko ruwa ban gama sha ba, sai ya ja hannuna ya ce in zo in ga wani abu amma in riƙe bakina. Ya kai ni can ƙuryar gida, tsohon ɗakin kakata marigayiya da aka mayar wurin ajiye buhuna da tsofaffin fatanyu, ya buɗe kwaɗo. Rufin ya ɓule ta gefe ɗaya, hasken rana na saukowa ta nan kamar an tsayar da sanda, kuma a ƙarƙashin hasken ga galan-galan na man girki da aka yanke an cika da baƙar ƙasa, a ciki wasu 'yan tsirrai sirara masu dogon wuya, duk sun karkata gefe guda. Ina ganin ganyen na gane. Bango ne, ba bangon ɗaki ba, haka muke kiran wiwi a nan Sudan.

Na ce, "Innalillahi! Kawu, ka san ko mene ne wannan?"

Ya ce, "Na sani, ya zol, rage murya." Ya zol ɗin nan "kai mutum" ke nan a Larabcinmu.

Ashe wani makiyayi ne daga wajen Dinder, cikin masu kawo shanu cin karan dawa, ya ji labarin Inna ya ba shi 'ya'yan a kwalin ashana, ya ce in an dafa ganyen ta sha za ta sami barci. Na ce masa in 'yan sanda suka ji, kurkuku ne na shekaru, ba ruwansu da furfurarsa. Ya ce shi ba kurkuku ne tsoronsa ba, tsoronsa a ce Isa mai kiran salla ne aka kama da wannan abu. Sannan ya ce, "Amma ɗana, kai baƙo ne, kwana ɗaya kake ji ka wuce. Ni kullum nike ji. Tun da na auro ta ba ta taɓa roƙona komi ba, yanzu barci kawai take roƙo."

Ku ji wani abin tausayi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin noma, amma wannan shuka ta mayar da shi ɗan koyo. Bai taɓa ganin ta a tsaye ba, bai san me take so ba, kuma ba wanda zai tambaya. Ya ɗauke ta kamar auduga, ruwa safe ruwa yamma har galan ɗin suna warin laka, wasu suka ruɓe. Ya zuba musu kashin tantabara, ganyen ya ƙone. Sauran da suka rayu sai ya riƙa jan su yana bin hasken nan na rufi da su, rana ta matsa ya matsa, kamar mai rainon jariri, yana yi musu magana a hankali, wai su daure su girma, akwai mai jira. Ya tambaye ni shawara, ni kuwa in ba ƙarfe ba ban san komai ba. Wata ya zo ya wuce, ba su wuce gwiwata ba, sun yi rawaya-rawaya, ita kuma Inna kullum ƙara ramewa take.

Ranar da abin ya faru, ranar ruwan hawasharsa ce, dole ya wuni bakin tur'a, wato magudanar da ke raba ruwa, in ya bari ya wuce shi dawarsa ta tafi. Ya miƙa mini makulli ya ce in na yi azahar in leƙa in ja galan ɗin cikin haske. To bari in rantse muku tun yanzu, don na san abin da wasunku za su ce. Ban taɓa shan abin nan ba a rayuwata, ba a ƙona komai a ɗakin ba, tsirran ma ko kai ba su fitar ba. Kisra na ci, wainar dawar nan tamu, da miyar kuɓewa, na sha jabana, wato gahawa, idona biyu garau, rana tsaka, zafi har ƙasa na rawa.

Ina tura ƙofa sai sanyi ya buge ni, irin sanyin da ke zuwa gaban hadari, da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Na ji ƙarar ruwa yana gudu, alhali kogi na can nesa da gidan. Na ce a raina ko randa ce ta fashe. Na taka ciki, sai na ga tsirran nan da na bari jiya iya gwiwa sun wuce kaina, kore shar, ganyensu na shafar fuskata, suna lilo a hankali ba iska. Abin mamaki, ban ji tsoro ba, ko kaɗan, jikina ya yi sakayau kamar na mai iyo. Na sa hannu ina buɗa su ina wucewa, ina jiran in taɓa bangon ɗakin, ɗakin da in ka miƙe ƙafa ka kai ƙarshensa, amma ina ta tafiya, ina ta tafiya, ganyen ya zama gero, dogon gero mai zangarniya irin wanda ban taɓa gani ba, ƙasar da nake takawa kuma ja ce, mai laushi, ba baƙar lakar yankinmu na Jazira mai tsagewa ba.

Sai na fito bakin wata fadama. Ga giginyoyi, ga rumbunan laka masu hular ciyawa, ga mata suna daka a inuwa, amma sautin taɓaryar yana zuwa mini a makare kamar daga ƙarƙashin ruwa. Suna hira da Hausa, irin ta tsofaffinmu da suka shuɗe, babu kalmar Larabci ko ɗaya a ciki, kai, ni da na girma ina gauraya su sai na ji kamar an wanke mini kunne. Hasken wurin ba na safe ba ne, ba na yamma ba, kuma na lura ba wanda ke da inuwa a ƙasa.

Can sai ga Inna Hawwa tana tahowa daga bakin ruwa da ƙwarya a ka. A tsaye, da ƙafarta! Jikinta ya ciko, tana tafiyarta ta da, wadda take ɗan karkata kafaɗa. Ta dube ni ba mamaki, kamar mun haɗu a tsakar gida. Ta ce, "A'a, ɗana, har ka iso? Wanga shi ne garin kakata, wanda sunka baro da ƙahwa za su Makka. Ga ta can, mai baƙin zane." Na duba, wata tsohuwa ta ɗago daga turmi ta yi mini murmushi, fuskarsu ɗaya sak. Ku sani fa Inna a Jazira aka haife ta, iyakar tafiyarta Madani.

Na ce, "Inna, ciwon fa?"

Ta ce, "Na aje shi can bisa gado, ya jira ni." Ta yi dariya, sannan ta ce, "Ka hwaɗa wa Malam, kawunka, ya bar wahal da kainai, ruwa ya yi wa tsirran nan yawa. Koma, kai ba a kira ka ba."

Ta ɗan tura kafaɗata da yatsa, sai na ji goshina ya bugi katakon ƙofa. Ina tsaye cikin ɗakin, ga buhuna, ga galan, ga 'yan tsirran nan rawaya iya gwiwa yadda suke. Hasken rufi ya bar ƙasa ya hau bango, ana kiran la'asar. A lokacin ne tsoro ya zo mini, don na dubi ƙafata na ga jar laka ɗanya har idon sawu.

Da gudu na nufi ɗakin Inna. Tana kwance kan angarib, barci take, barci mai nauyi har da ɗan minshari, matar da ta yi watanni ba ta runtsa ba. Mayafin ya zame daga ƙafarta, kuma wallahil azim, tafin ƙafarta jar laka ce, ɗanya. Na zauna ƙasa ina ta salati. Da ta farka ta dube ni ta ce, "Ka iso lahiya?" Shi ke nan, ta nemi kunu.

Na faɗa wa Kawu komai da ya dawo. Bai ƙaryata ni ba, ya ɗebo ruwa ya wanke mata ƙafa da hannunsa, ya daɗe yana murza lakar tsakanin yatsunsa, shi da ya san kowace ƙasa ta yankin. Daga ranar, kullum aka yi azahar sai Inna ta yi barci har la'asar, ta farka fuskarta a sake, wani lokaci tana ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi baƙo, mutanen da ba mu taɓa jin sunansu ba. Ganyen nan kuwa ko sau ɗaya ba ta sha ba, bai ma kai a tsinka ba. Abin da ya fi cin ran Kawu shi ne, yakan shiga ɗakin ya rufe ƙofa ya zauna kan buhu tun azahar har la'asar, gumi na zuba, bai ga komai ba. Ya ce da ni, "Ni na shuka, ni na yi wahala, amma ni ne aka hana." Ni kuwa ko an ba ni duniya ban sake taka ɗakin ba.

Kafin a fara tsinkar auduga Allah ya yi wa Inna rasuwa, cikin barcinta na rana. Bayan an share makoki na ce wa Kawu yanzu kam a tumɓuke abin nan, amfaninsa ya ƙare, saura haɗarinsa. Ya ce to, amma bai yi ba. Duk zuwan da na yi sai in tarar ya ƙara ramewa, ya bar hawasha a hannun maƙwabci, rana na take tsaka zai ɗauki makulli ya nufi ƙurya. Har mutane sun fara tambayar me Isa ke yi a tsohon ɗaki.

Wata azahar na yanke shawarar fito da shi ko da ƙarfi. Na isa bakin ƙofa na ɗaga hannu zan buga, sai na ji dariyar Kawu, irin wadda rabon da in ji tun kafin ciwon. Sannan na ji mace tana amsa masa, tana yi masa faɗan nan nata na wasa, wai ya bar rigarsa ta yi dauɗa kamar marar kowa. Muryar Inna ce, wadda na sani tun ina goye. Gidan nan ba kowa sai ni da shi. Hannuna ya tsaya a sama, na koma da baya da baya har inuwar rumfa, na zauna.

Da la'asar ya fito, idonsa jajir amma fuskarsa kamar ta ango. Ya ce, "Ɗauko fatanya, ta ce ya isa haka nan." Muka tumɓuke su duka, muka haƙa rami bayan ɗaki muka binne, ya koma gonarsa, ya ƙara shekaru masu dama yana kiran salla kafin shi ma ya tafi. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba. Sai dai ranar, muna cikin mayar da ƙasa, ya tsaya ya jingina da fatanya ya ce, "Ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce tunda ka riga ka ga hanya, kada ka yi gaggawa."

Na tambayi malamai, wani ya ce aljannu ne, wani ya ce zafin rana ne ya taɓa ni. Ni dai ban sani ba. Yau ga ni da furfura, amma har yanzu ba na yarda in kwanta da rana a ɗaki rufe, don wani lokaci, in gari ya yi tsit bayan azahar, nakan ji sautin daka can nesa, a makare, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne ba gudu nake jin yi ba, tashi nake so in yi in bi.

Shawarata gare ku, kada tausayi ya sa ku kai wannan shuka cikin gida, ba ku san me za ku buɗe ba, ban da hukuma da ke jiran ku. Wanda ke da majiyyaci ya zauna kusa da shi, ya riƙe masa hannu, ya yi masa addu'a. In kuwa kun zo wucewa da rana tsaka kuka ji muryar wanda kuka sani tana fitowa daga ɗakin da ba kowa, ku yi masa addu'a ku wuce, kada ku tura ƙofar.