Yadda Man Giya Ya Koya Mini Doguwar Gaisuwa

Na sayi motar ne a shekarun da mutanen kirki sa'o'ina suke sayen sanda. Motar Jamus ce, ja, mai ƙofa biyu, gajera har sai ka durƙusa mata kafin ka shiga. Wani saurayi a Yalwawa ne ya gaji da ita, ni kuma na ba da bijiman da na daɗe ina turkewa a bayan gida, na karɓi makulli. Ban yi shawara da kowa ba. Karatun bokona iya wanda zai ishe ni karanta allon hanya ne, sauran rayuwata kuwa a kan motar hatsi ta ƙare, daga kasuwar wannan ƙauye zuwa ta wancan, tana tafiya kamar mai ciwon ƙugu. Na ce kafin a ɗauke ni a makara, sai na ɗanɗana gudu ina zaune da kaina a gaba.

Kuma ba haka zan bar ta ba. Na riga na tsara: salansa mai ƙara, faffaɗan tayoyi, sannan a taɓa mata ƙwaƙwalwa yadda samari suke yi, ta ƙara ƙarfi.

Labari ya kai Limawa, gidan babbar 'yata. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Uwata, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta saba ba manya umarni suna kwance. Ta zo ta zagaya motar ba ta ko taɓa ta ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Mota ce, Uwata. Ba a kawo muku irinta asibiti?"

"Ana kawo mana waɗanda aka zaro daga cikinta."

Na ce Allah ya ba su lafiya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba za ta yi jayayya da mahaifinta a ƙofar gida ba, amma ga sharaɗi: duk ranar da aka tura motar nan da hannu, ko janwe ya jawo ta, makulli ya koma jakarta. Ba na wannan motar kaɗai ba, na gama tuƙi ke nan har abada. Na amsa nan take, don ina ganin maƙwabta sun fara leƙowa. Sai da ta tafi na zauna na auna abin da na amsa. Na san tsofaffin da aka karɓe wa makulli. Suna nan a zaure da babbar riga tun hantsi, suna jiran wanda zai ga dama ya kai su gaisuwar mutuwa.

Washegari na kai ta wajen bakaniken da ya san motocin Jamus, wani mai furfura a gemu da ba ya son yawan magana. Na lissafa masa abin da nake so. Ya shiga ƙarƙashinta, ya kwance wani noti, ya fito da ɗan mai a yatsa ya kawo mini hanci. Baƙi ƙirin, yana warin man ƙosan da aka soya aka sake soyawa tun azumin bara.

"Baba Alhaji, man giyarka ke nan. Idan na ƙara mata ƙarfi a kan wannan, giyar za ta ƙone maka a hanya."

"To canja shi mana."

"Idan na canja, tana iya fara sulɓewa. Wani lokacin dattin da ke cikin tsohon man shi yake riƙe da tsohuwar giya. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Ka ji mutum. Ka je wajensa neman mafita, ya nuna maka rami biyu ya ce zaɓi.

Da la'asar na kai maganar majalisarmu ta gindin darbejiya, wadda take daidai ƙofar gidana. Kuskure ne, amma ba nawa ba, na wanda ya kafa majalisa a nan. Akwai wani Babarbare a cikinmu, abokin wasana tun muna da haƙora, bai taɓa mallakar abin hawa da ya wuce keke ba. Shi ya fara yanke hukunci.

"Kai Fillo, ba a canja man giyar otomatik. Da shi aka haife ta, da shi za ta mutu. Kai da ka saba da nagge, ina ruwanka da kayan Jamus?"

Nan take kowa ya tuno da wani ɗan'uwansa da ya canja man giya da safe, kafin azahar kaji suka fara ƙwai a cikin motar. Har liman ya ce shi ma ya ji haka. Suka haɗu a kan in bar ta yadda take, in riƙa lallaɓawa a cikin gari, kada in wuce sakatariya.

Lallaɓawa! Na ba da bijimai don in lallaɓa?

Naggen da ya zage ni da ita, ita ta ba ni shawara. Duk wanda ya tashi a ruga ya san ba a sakin saniyar da ta sha rani a kan sabuwar ciyawar damina ta ci ta ƙoshi rana ɗaya, cikinta ne zai kumbura. Kaɗan-kaɗan ake haɗa mata da busasshiya har ta saba. Na koma wajen bakanike na ce kada ya wanke giyar da inji. Ya zubar da abin da ya fito da kansa, ya cika da sabo, in je in yi yawo, in dawo a sake. Ya ce dama haka ya yi niyya, ni ne ban bar shi ya gama magana ba. Ban yarda ba har yau.

Aka yi na farko. Na dawo gida lafiya ƙalau, na ajiye ta a gaban majalisa, na fito ina gyara hula.

Da safe na shiga, na tayar, na sa giya. Shiru. Inji yana kuka, mota tana nan inda ta kwana. Ga majalisa a cike, an dawo daga shan koko, ido duk a kaina. Sai na sauke gilashi a hankali, kamar dama abin da ya tsayar da ni ke nan.

"Malam liman, barka da asuba. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya mai jiki? Ƙafar ta saki?"

Na gama da liman na koma kan na kusa da shi. Na tambayi iyali, na tambayi gero, na tambayi akuyar da ya sayar tun bara. Ina cikin tambayar na uku yadda surukinsa ya ji da basir, sai na ji ƙit a ƙarƙashina, giya ta kama. Na ce to, a gaida gida, na ja na tafi.

Haka muka yi ta yi kowace safiya. Idan ta ɗumama ba ta da matsala, sanyin safe ne ba ta so. Mutanen unguwa suka fara cewa mota ta gyara wa Alhaji hali. Babarbaren nan kaɗai bai ruɗu ba. Wata safiya da gaisuwar ta yi tsawo har na zagayo kan liman karo na biyu, sai ya miƙe yana naɗe hannun riga.

"Jama'a, ku taso mu taimaki Fillo. Turi kaɗan take so."

Ya san sharaɗin sarai, matarsa da matata ba sa ɓoye wa juna komai. Na leƙo da kai na ce duk wanda tafin hannunsa ya sauka a kan motar nan, ni da shi sai gaban alƙali. Ya matso yana dariya, hannu a sama, yana saukewa a hankali kamar mai kama fara. Na danna totur ina karanto duk abin da na haddace. Ta kama da ƙarfi har hulata ta faɗa kujerar baya, na bar shi yana dafe da iska.

Ban ja da baya ba. Na koma aka yi na biyu, aka canja matatar man. Tunda salansa ta zama sai an jira, na sa aka duba birki, aka canja bel da fulogi, aka wanke lagireto. Bakanike ya ce mai son gudu ya fara tanadin tsayawa. Bayan canji na biyu gaisuwata ta tsaya a kan liman kaɗai. Bayan na uku sai ɗaga hannu. Majalisa ta ce dama sun faɗa, mota ja ba ta kawo komai sai girman kai.

Ranar wata Asabar da sassafe, kafin rana ta taɓa motar, sai ga Uwata. An riga an kai mata rahoto duka. Ta miƙo tafin hannu.

"Ba a tura ta ba," na ce.

"Na sani. Ni zan tayar da ita, da sanyinta, kuma ba zan gaida kowa ba."

Na ba ta. Na zagaya na durƙusa na shiga gefen mai zaman banza, majalisa ta miƙe tsaye don kallo. Ta tayar, ta sa giya, motar ta ɗaga nan take ba ko tari. Muka fita gari, ta ɗauki hanyar Buji. Na lura da muka wuce duwatsu ƙafarta ta ƙara nauyi a kan totur, gero yana wucewa ta gefe kamar ana jan tabarma. Can ta juyo da mu, ta tsaya a ƙofar gida, ta zare makulli ta ajiye mini a cinya.

"Amma ban da salansar nan, Baba."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ɗan matsa mini in zauna, mai waldar salansa ba ya daɗewa a shago ranar Asabar."