Ranar da na sauka kabarin mai koko

Ina tashar Tudu ina ɗaure kaya a kan wata mota aka zo aka ce mahaifiyata na nemana a gida, tsohuwa mai koko ta rasu da safe. Na ƙarasa ɗaurin, na wanke hannu, na hau motar haya, trotro, zuwa unguwarmu Maamobi. Ban ji komai ba a hanya. Abin da nake tunawa shi ne kujerar tana da ƙusa.

Tsohuwar Badagomba ce, ɗakinta na jikin namu tun kafin a haife ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta guda, sa'ana, ya tafi Legas neman aiki, daga can aka ce ya wuce gaba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Danginta suna arewa, ko an aika ba za su iso kafin la'asar ba.

Na tarar mata sun yi mata wanka, maza suna zaune a kan benci a ƙofar gida. Liman yana tambaya wa zai sauka cikin kabari ya karɓe ta, tunda mace muharraminta ne ya fi cancanta ya kwantar da ita. Ya ce in babu, to a samu dattawa biyu na kirki su yi, ba laifi.

Sai muryar mahaifiyata ta fito daga bayan labule. Ban taɓa jin ta sa baki a maganar maza ba.

"Malam, tana da ɗa. Ga shi nan zaune da baƙin mai a riga."

Ta ba da labarin daga inda take. Bayan haihuwata zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ɗauke. Mai koko tana goyon nata ɗan, sai ta riƙa ɗaukata tana ba mu tare, har mahaifiyata ta miƙe. Wata tsohuwa mai sayar da albasa a kasuwar Makola ta ce ita ma shaida ce, har ta tuna nakan ture ɗan mutane in kama nasa gefen. Wasu suka ɗan yi dariya, suka daina.

Na san wannan labari, amma a matsayin wasa na san shi. Duk sanda na wuce teburinta takan ɗaga ludayi ta kira ni ɓarawon nono, ta ce ni na shanye rabon ɗanta shi ya sa ya tashi siriri. Da na fara gemu sai kiran ya riƙa ba ni kunya a gaban abokai, na koma bin wani lungu ta bakin kwata. Allah Ya yafe mini. Ba ta taɓa kai ƙarata ba, sai dai ta aiko da koko a kwano a ce na ɗanta ne.

Liman ya dube ni ya ce nono nasaba ce, uwata ce, in tashi in yi alwala.

A maƙabarta na cire takalmi na sauka. Aka shimfiɗa zane a samanmu kamar yadda ake wa mata, haske ya koma ja. Suka miƙo ta. Ba ta da nauyi, buhun da na ɗaga da safe ya fi ta. Liman yana faɗa mini daga sama, ina yi: na kwantar da ita a gefen dama, na juya fuskarta alƙibla, na sassauta ɗaurin likkafani. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina. Zafi kawai nake ji, da ƙasa tana shiga tsakanin yatsun ƙafata.

Da muka dawo aka zaunar da ni a tabarmar gaba. Masu ta'aziyya, har da 'yan garin su mai koko da ban san harshensu ba, ni suke miƙa wa hannu. Ina cewa amin.

Da mutane suka ragu, mahaifiyata ta kira ni tsakar gida. Tana tsugune tana wanke babbar tukunyar kokon, wadda tun safe ba wanda ya taɓa. Ba ta ɗago ba ta tambaye ni ko da hannuna na juya fuskar.

Na ce, "Da hannuna, Mma."

Ta gyaɗa kai, ta ce in zuba mata ruwa. Na zuba.