Ranar da Baba Ya Yanke Kawunan Shanuna

Ranar wata Alhamis ce a daminar shekarar dubu biyu da ɗaya, bayan la'asar, ruwa ya ɗauke amma indararo bai gama zuba ba. Ina kwance a ƙofar ɗakin Inna cikin bargo, ƙasusuwana kamar ana kwankwatsa su da taɓarya, sai na ji ƙarar zarto daga rumfar Baba. Na san kukan zarton nan sarai. In katako Baba yake yankawa, ja yake yi mai tsawo, yana yi yana 'yan waƙe-waƙensa ta hanci. Ran nan kuwa ja ne gajere, sai wani ɗan abu ya faɗi ƙasa, sai shiru, sai a sake. Na laluba gefen matashina inda kwandon shanuna na itace yake zama, na ji wayam. Shekarata tara a lokacin, amma ba sai an gaya mini abin da ake yankawa ba.

Baba malamin gona ne, kullum da safe yake hawa babur daga gidanmu a Daura zuwa wurin aikinsa a Sandamu. Ba kafinta ba ne, ba kuma gadon sassaƙa ya yi ba. In ka kira shi masassaƙi ma dariya zai yi, ya ce kada ka ɓata wa masu sana'a suna. Sha'awa ce kawai ta kama shi ta ƙi saki. Ya kafa rumfar kwano a bayan rumbu, ya haɗa tebur da kansa, ya rataye gizago da zarto da magagari, da wasu ƙananan wuƙaƙe da ya sa maƙeri ya ƙera masa. Bai taɓa sayar da ko muciya ba. Kujerar tsugunno ta Inna aikinsa ce, haka marfin rijiya, haka allunan yaran maƙwabta, da akurkin kaji mai ƙofa da sakata, wanda duk unguwar ba kazar da ta taɓa samun irinsa. In ya dawo daga ƙauye da guntun aduwa ko maɗaci ɗaure a bayan babur, Inna takan leƙo ta ce, "Mijin wata ya dawo da tsire, nawa ya dawo da kututture." Shi kuwa ko a jikinsa.

Ni da ciwon sikila aka haife ni, wanda tsofaffi ke kira amosanin jini. Yayana Sani da shi ya rasu tun ban yi wayo ba, don haka duk sanda na ce wash, sai gidan ya yi tsit. Damina ita ce abokiyar gabata. Sa'annina suna bin iyayensu gona cirar ciyawa a gyaɗa, suna kamun fara, suna dawowa su yi 'yar gala-gala da carafke a ƙofar gida, in ruwa ya sauko su tuɓe su shiga. Ni ko yayyafi ya taɓa ni, sai an kwana ana gasa mini ƙafafu da tsumma da ruwan zafi. Makaranta kuwa, ranakun da na yi a gida sun fi waɗanda na yi a aji, har wani malaminmu yake kirana baƙuwa. Aikina a gida bai wuce tsince wake da korar kaji daga shanyar gero ba, shi ma ina zaune.

Saboda wannan zaman ne Baba ya fara sassaƙa mini shanu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana, kuma ya ce bai kamata uwarsa ta zauna ba dukiya ba. Duk ciwon da ya kwantar da ni, saniya ɗaya nake tashi da ita. Sai ya ɗauki guntun aduwa da bai fi tafin hannu ba, ya fitar da tozo da wuƙa, ya goge da magagari, ya ƙona bakin ƙusa ya ɗiga idanu, ya shafe ta da man gyaɗa har ta yi sheƙi. A kai ya fi daɗewa, don ya ce a kai halin saniya yake. Akwai bijimi mai ɗaga hanci, akwai karsana mai kallon gefe, akwai maraƙin da ƙahonsa ɗaya ya karye tun a hannun Baba, akwai kuma wata ƙatuwa mai tsuke baki da na sa wa suna Gwaggo a asirce. Ina kafa musu turke da tsinken tsintsiya, in yayyanka musu ganyen zogale, in kai su mashaya a murfin kwano. Da ciwo ya taso, su nake yi wa kiwo a kan bargo har azabar ta lafa. Yawan garken nan shi ne yawan kwanciyata, amma ni a lokacin arziki nake gani.

A shekarun nan aka fara shari'a, gari ya ɗauki wa'azi ko'ina, a lasifikar masallaci, a kaset, a bakin 'yan acaɓa. Baba yana cikin masu murna, kuma kowa ya shiga bincikar gidansa da kansa, yana neman abin da zai gyara. Ana cikin haka ciwo mafi muni ya same ni. An kai ni asibiti an yi ƙarin ruwa, mun dawo, bai yi kwana nawa ba ya dawo ya fi na da. Idanuna suka yi rawaya, tafin hannuna ya yi fari fat. An yi rubutu na sha, an yi sadakar waina, Inna ta daina cin abinci ta koma kallona kawai. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu a bakin murhu cewa haka Sani ya yi kafin ya tafi, tana tsammanin barci nake.

Sai Gwaggo Abu, yayar Baba da ke aure a Kongolam, ta zo dubiya. Mace ce mai kirki da kaifin baki, kuma tana sona, wannan ba na musu. Tana zama ta ga shanuna jere a kan bargo, ta yi salati, ta sa aka kira Baba. A gabana ta ce masa ta ji a wa'azi mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da aka ajiye siffar abu mai rai, kuma wanda ya sassaƙa za a ce ya hura masa rai ranar ƙiyama. Ta ce ga yarinya tana neman rahama, shi kuma ya cika mata shimfiɗa da gumaka, ta ina sauƙi zai shigo? Ta ce mafita ɗaya ce, a cire musu kai, in ba kai sun zama itace. Baba mutum ne mai karatun boko da na allo, wanda da a wata rana ce zai ce bari ya tambaya tukuna. Amma ya binne ɗa ɗaya, ga ta biyu tana numfashi sama-sama, kuma an nuna masa hannunsa an ce shi ne ya tare ƙofa. Ya jira har barci ya ɗauke ni, ya ɗauki kwandon.

Da zarton ya yi shiru, shi da kansa ya dawo da kwandon ya ajiye a gefena. Ya goge wuyan kowace da magagari don kada sartse ya soke ni, har mai ya shafa musu. Na ɗauko bijimin na juya shi, na ɗauko maraƙin, na rasa gane karsana da saniyata Gwaggo sai ta girma. Ban yi kuka ba, ba ni da ƙarfinsa. Na dube shi na ce, "Baba, to da me za su ci ciyawa?" Ya tashi ya fita.

Daga ranar na juya fuskata bango. Ba gardama nake yi ba, abincin ne ya ƙi wucewa, kuma in ciwon ya taso ba ni da abin da zan riƙe in manta, sai in ta ƙirga azarar ɗaki ina nishi. Inna ta dama kunun tsamiya, ta yi farfesun kaza, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma roƙo. Sauƙin da aka yanka shanun dominsa bai zo ba, ga shi kuma ɗan kunun da nake kurɓa a da don a bar ni in koma kiwo, shi ma na daina. Baba ya bar zuwa aiki. Yana zagaya tsakar gida daga rijiya zuwa zaure, ya leƙo ni, ya koma, ya kasa shiga rumfarsa.

Da abin ya ishe shi ya tafi wurin tsohon limamin unguwarmu, wanda ya karantar da shi tun yana yaro, ya kwashe komai ya gaya masa. Inna ce ta ba ni labarin daga baya. Liman ya ce maganar siffofi gaskiya ce kuma tana da wurinta, amma kayan wasan yara malamai da yawa sun yi sauƙi a kansu, balle yarinya marar lafiya da ba ta da wani abin rarrashi. Ya yi masa faɗan rashin tambaya, sannan ya ce maza ya mayar da ni asibiti, don abin da ya kwatanta ya fi kama da ƙarancin jini. Baba ya shigo gida kusan da gudu yana tambayar inda kawunan suke, zai haɗa su da gam da 'yan ƙusoshi. Inna ce ta gaya masa: Gwaggo ta sa an zuba su a murhu tun ranar, da su aka dafa tuwon dare.

Baba ya aika a kira Kawu Idi, ƙanen Inna, don a gwada jininsa, ya sa a nemo mota. Kafin motar ta zo ya shiga rumfa ya ɗauki guntun maɗaci, wai zai yi wa maraƙin sabon kai in tafi da shi. A tsakar gida ya zauna da shi, ina hango shi daga inda nake. Wuƙar ta zame ta yanke shi a babban yatsa, ya naɗe da gefen rigarsa ya ci gaba. Abin da ya fito ja ne a kan farin jiki, ya fi wuyan girma, ba maraƙina ba ne ko kusa. Ya zo ya durƙusa a gaban tabarmata, shi da ko gaban hakimi ban taɓa jin ya durƙusa haka ba, ya ajiye shi a tafina.

"Uwata, na yi miki ɓarna. Tsoro ne ya sa ni. Ki yafe mini."

Ban taɓa ganin hawayen babban mutum ba sai ranar, kuma ya tsorata ni fiye da ciwon. Na ce na yafe, na ce kuma a ba ni kunu, don kawai ya daina. Shi ya riƙe ludayin, jinin yatsansa yana ɓata mariƙin, na sha har ya ce ya isa.

Jinin Kawu Idi ya dace da nawa, aka ƙara mini, na tashi. Gwaggo Abu har ta koma ga Allah tana ba da labari a gidajen suna da biki cewa yanke kawunan nan ne ya cece ni, Baba kuma bai taɓa musa mata ba. Ya ci gaba da kujeru da ƙofofi da alluna har tsufa ya karɓe gizagon daga hannunsa, amma bai sake sassaƙa abu mai ido ba, duk da an ce masa ya halatta, duk da na sha roƙonsa. In na matsa sai ya ce hannun ya manta.

Yanzu ina da 'ya'ya, ɗakinsu cike da kayan wasan roba na kasuwa, zakuna da jirage da motoci, in ɗaya ya karye da safe kafin azahar an manta da shi. An rushe rumfar Baba an yi shago a wurin, wani yaro yana cajin waya. Ciwon yana nan yana ziyartata in damina ta kama, akwai magunguna da asibitoci da ba mu da su a da, kuma na gode wa Allah. Sai dai in na kwanta, ba wanda ke shiga bayan rumbu ya fito da wani abu a tafin hannu ya ce ga na wannan karon. Na daɗe da warkewa daga abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan, Baba ne bai warke ba.