Dutse Ɗaya, Ƙarya Biyu

A layin maƙeran azurfa kowa ya san Mai Aƙiƙ. Aikinsa ba abin kushewa ba ne. Zai goge aƙiƙ, jan dutsen nan na ado, har fararen jijiyoyinsa su fito, ya zaunar da shi a zobe, ko 'yan kunne, ko ƙotar wuƙa. Bakinsa ne dai ba a sha masa alwashi. Yau a kogo aka haƙo dutsen, gobe a gaɓar kogi aka tsinto shi. Amfaninsa kuwa, sai ya ƙare wa fuskarka kallo kafin ya zaɓi wanda zai faɗa maka.

Abu ɗaya ke ci masa rai: kukan matarsa. Yayanta direba da ƙanenta tela ba sa ga-maciji tun wata cacar baki a kan katangar da ta raba gidajensu.

Sai gogan naka ya tsaga dutse ɗaya gida biyu, ya ƙera zobba. Ya ba direba, sarkin zafin kai, ya ce, "Yaya, wannan sanyaya zuciya yake yi." Ya ba tela, mai nauyin baki, ya ce, "Ƙanena, wannan buɗe baki yake yi, ko a gaban alƙali." Da gangan ya matse na direba, ya sassauta na tela, ya ce kowa ya dawo gobe da hantsi a gyara.

Washegari suka yi kiciɓis a rumfarsa, kowa ya kau da kai. Mai Aƙiƙ ya jera zobban a kan tire, jijiyar wannan ta haɗe da ta wancan.

"Kai! Wannan ai ɓarin nawa ne," in ji direba. "Na sanyin zuciya."

"Sanyin me? Ni buɗe baki ya ce min!"

"Kai ma ya yi maka?"

"Wallahi, Yaya, mutumin nan ba ya tsoron Allah!"

Suka taru a kansa, wannan ya zage shi, wancan ya ɗora, har maƙwabta suka leƙo suna dariya. Daga nan suka fice tare, wai za su kai ƙararsa wurin 'yar'uwarsu.

Bai yi gaggawar rufe rumfa ba. Da ya isa gida, tun daga ƙofa ya jiyo muryoyi uku, har da dariyar da ya daɗe bai ji ba. Matarsa ta leƙo tana share ido.

"Maƙaryaci," ta ce, "shigo, sun kusa cinye rabonka."